Kwana bakwai a kan dogon Japan: nazarin tafiyar wani iyali da Japan Rail Pass

Wajen ƙarfe bakwai na daren wata Litinin a shekarar 2024, a ofishin jiragen ƙasa da ke ƙasan filin jirgin saman Narita, ma'aikaciyar kanta ta tambayi wani magidanci ranar da yake so fas ɗinsa, wato tikitin Japan Rail Pass, ya fara aiki. Mutumin ya wuni ya kwana a jirgin sama, matarsa na zaune a kan akwati, 'yarsu na gyangyaɗi a tsaye. Ya ce yau. Ta nuna masa ranar a kalanda don ta tabbatar, ya gyaɗa kai. Na'ura ta turo katuna uku. Sai bayan kwana biyu ya gane cewa wannan "yau" ɗin saura ƙiris ta cinye masa kusan yen 48,000.

Abin da ya sa lamarin iyalin nan ya cancanci a bi shi daki-daki shi ne babu wanda ya cuce su. Kowace ƙa'ida da suka yi tuntuɓe da ita a rubuce take, wasu ma a jikin takardar da ke aljihunsu. Duk da haka, cikin mako guda sun ci karo da kusan dukkan sharuɗɗan fas ɗin, ɗaya bayan ɗaya.

Japan Rail Pass tikiti ne na bai-ɗaya da aka fara sayar wa baƙi tun 1981, zamanin da jiragen ƙasar Japan ke hannun hukuma guda ta gwamnati. A 1987 aka raba hukumar, jigilar fasinja ta koma hannun kamfanoni shida, kowanne da yankinsa, daga Hokkaido a arewa har Kyushu a kudu, dukkansu kuma suna amsa sunan JR. Fas ɗin na waɗannan shidan ne. Akwai na kwana 7, da na 14, da na 21, a jere babu tsallake. Shekara da shekaru na kwana 7 yana da arahar da ta sa masu ba matafiya shawara ke cewa a saya ido rufe: yen 29,650, alhali zuwa Kyoto daga Tokyo da dawowa kaɗai a Shinkansen, jirgin ƙasa mai tsananin gudu, ya kusa 28,000. A ranar 1 ga Oktoba 2023 farashin ya tashi zuwa 50,000, na kwana 14 ya koma 80,000, na 21 kuma 100,000. Mai son tarago na musamman, wanda ake yi wa alama da koren ganye, ya koma biyan 70,000 a na mako guda. Farashi ya canza, amma tsohuwar shawarar tana nan birjik a intanet, kuma ita magidancin nan ya karanta.

Tsarinsa mai sauƙi ne. Kwana goma a ƙasar, shi da matarsa da 'yarsu, su ziyarci ƙanensa da ke karatu a wata jami'a a Kyoto, su ga Dutsen Fuji, su leƙa Nara, su kai har Hiroshima, su dawo Tokyo su hau jirgin komawa gida. Makonni biyar kafin tafiya ya sayi takardun musaya guda huɗu a wajen wani wakilin tafiye-tafiye, uku na manya, ɗaya ta yarinya a rabin kuɗi, jimla yen 175,000. Takardar musaya ba ita ce fas ba. Sai an isa Japan a kai ta kanta tare da fasfo a karɓi ainihin katin, kuma dole a yi haka cikin wata uku daga ranar da aka buga ta. A nan ya yi daidai. Ya kuma ci wata sa'a da bai ma san da ita ba: yarinyar ta cika shekara 12 mako biyu kafin su taso, amma rabin kuɗi na 'yan shekara 6 zuwa 11 ne bisa shekarunsu a ranar da aka fitar da takardar, don haka ta shige.

Takarda ta huɗu ce ta fara ba da matsala. Ƙanen ya taso takanas daga Kyoto ya tarye su a Narita, ya miƙa fasfonsa tare da nasu. Ma'aikaciyar ta buɗe, ta duba, ta mayar masa cikin ladabi. Fas ɗin na wanda ya shigo ƙasar a matsayin baƙo na ɗan lokaci ne, kuma shaidar ita ce tambarin da jami'in shige da fice ke mannawa a fasfo, mai ɗauke da kalmomin Temporary Visitor. Ɗalibi, da ma'aikaci, da duk mai katin zama a ƙasar, ba su cikin lissafi, komai baƙuntarsu a ido. Har wanda ya cancanta ma, idan ya bi ta ƙofar na'ura a filin jirgi ya fito babu tambari, zai iya tarar da kanta ta ƙi shi, shi ya sa ake so mutum ya tabbatar an manna masa kafin ya wuce.

"Yaya, da ka tambaye ni kafin ka saya," in ji ƙanen.

"Ai kyauta ce na so in yi maka, ana tambayar mutum kafin a yi masa kyauta?"

Kyautar ta tashi a kan asarar kashi 10 cikin 100, wato yen 5,000, domin takardar da ba a musanya ba ana iya mayar da ita ga wanda ya sayar cikin shekara guda, a cire wannan kaso. Ni dai ban ga abin zargi a sharaɗin ba. Da mazauna ƙasa za su iya sayen fas ɗin, duk ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Tokyo da Osaka sau biyu a mako da ya daina sayen tikiti.

Yanzu ga maganar "yau". A nan nake ganin harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗin. Idan Bahaushe ya ce kwana bakwai daga Litinin, Litinin ta gaba yake nufi, domin darare yake ƙirgawa. Magidancin ya lissafa haka: ya karɓa daren Litinin, zai yi aiki har daren Litinin mai zuwa, ranar da ya tsara dawowa daga Hiroshima. Amma fas ɗin ranakun kalanda yake ƙirgawa, daga sha biyun dare zuwa sha biyun dare. Litinin ɗin da ya karɓa da ƙarfe bakwai ta riga ta zama rana ta ɗaya, duk da cewa awa biyar kacal suka rage mata. Ta bakwai ita ce Lahadi. Abin da ya samu a musayar wannan cikakkiyar rana shi ne hawa ɗaya a jirgin Narita Express zuwa cikin gari, wanda kuɗinsa a lokacin yen 3,070 ne ga babba.

Kuma ba dole ba ne a fara a ranar karɓa. Doka ta ba mutum damar zaɓar kowace rana cikin wata guda daga ranar musaya. Da ya ce gobe, da sun biya kusan yen 9,200 su uku a daren nan, fas ya fara Talata ya ƙare Litinin, daidai da tsarinsa. Tikitin Hiroshima zuwa Tokyo kuwa ya kusa 19,000 ga babba, su ukun kusan 57,000. Ga inda 48,000 ɗin ta fito.

Daren Laraba suka gano, lokacin da ya je kama kujerun sauran tafiyar. Kama kujera kyauta ne ga mai fas, a kanta ko a na'ura. Aka ba shi na Alhamis, da ya ambaci Litinin sai ma'aikacin ya ɗora yatsa a kan ranar ƙarewa da ke buge a fuskar katin. Ya roƙi a matsar da ita da kwana ɗaya, ko da zai biya wani abu. Babu hali. Da zarar an buga ranar farawa, bakin alƙalami ya bushe, kuma fas ɗin da ya fara aiki ba a mayar da kuɗinsa, ko da mai shi ya kwanta rashin lafiya.

Kafin wannan daren ma, ranaku biyu sun riga sun tafi ba tare da fas ɗin ya yi wani aikin kirki ba. Talata sun yi ta a cikin Tokyo. Layin Yamanote da ke zagaye tsakiyar birnin na JR ne, suka hau kyauta, amma hawa ɗaya a kansa bai fi yen 200 da 'yan kai ba. Yawancin wuraren da suka so zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa ne ya fi kai mutum kusa, shi kuwa na Tokyo Metro ne ko na hukumar birni, ba su san wani fas ba. Baƙo yakan ɗauka duk abin da ke tafiya a kan dogo a Japan abu ɗaya ne. Ƙasar cike take da kamfanonin jiragen ƙasa masu zaman kansu, irin su Odakyu da Kintetsu da Hankyu da Nankai, wani lokaci tasharsu na manne da ta JR, bango ɗaya ya raba.

Laraba ta koya musu abin da ya fi wannan ɗaure kai. Suka hau jirgin Fuji Excursion daga Shinjuku zuwa Kawaguchiko, a gindin Dutsen Fuji, tafiyar kusan awa biyu ba tare da sauka ba. Jirgin na JR ne, kujerar ma da fas aka kama ta. Sai dai daga tashar Otsuki zuwa gaba, dogon da yake takawa na wani kamfani ne daban, Fujikyu. Jirgi ɗaya, kujera ɗaya, amma ƙarfen da ke ƙarƙashi ya sauya mai shi, sai a biya ƙarin kusan yen 1,770 ga babba a kowane zuwa. Abin lura ke nan game da fas ɗin gaba ɗaya: dogo yake bi, ba fentin jikin tarago ba.

A daren suka zauna da taswira. Zaɓi biyu ne, ko su bar tsarin yadda yake su biya 57,000 ranar Litinin, ko su matse tafiyar ta shiga cikin Lahadi. Suka zaɓi na biyu. Nara ta fita, kwanan Hiroshima ya dawo Asabar. Matar ce ta fi jin zafin wannan, domin barewin Nara da ke yawo cikin mutane na daga abin da ta fi ɗokin gani, kuma ba ta ɓoye ba.

Safiyar Alhamis a babbar tashar Tokyo, ƙa'idoji biyu suka tarye su lokaci guda. Layin Shinkansen na Tokaido mai bi ta Kyoto, wanda aka buɗe ranar 1 ga Oktoba 1964, jirage iri uku ke bin sa. Nozomi ya fi sauri, yana kai wa Kyoto cikin kusan awa biyu da kwata, kuma a lokacin cunkoso har 12 kan tashi cikin awa guda. Hikari na ƙara tsayawa a wasu tashoshi, ya kai cikin kusan awa biyu da minti arba'in, amma biyu ne kawai a awa. Kodama kuwa babu tashar da yake tsallakewa. Fas ɗin ya ƙunshi Hikari da Kodama, bai ƙunshi Nozomi ba, haka nan Mizuho da ke tafiya daga Osaka zuwa Kyushu. Magidancin ya san wannan sama-sama, amma ya ɗauka hanin na kujerun da ake kamawa ne kawai. Ya ga Nozomi uku sun tashi a gabansa, ya ce su shiga taragon da ba a kama kujera, ai babu wanda za su tare wa wuri.

"A'a Yaya, kada ka soma. Ko a tsaye ka tafi, in dai Nozomi ne, kwandasta zai caje ka kuɗin tafiyar gaba ɗaya kamar ba ka da komai a hannu."

Gaskiyar ƙanen ce. Tun Oktoba 2023 an buɗe wata kafa, mai fas zai iya sayen tikitin ƙari na musamman kafin ya hau, a lokacin yen 4,960 daga Tokyo zuwa Kyoto, 6,500 zuwa Hiroshima. Amma a biya kusan 5,000 don a rage minti 25, bayan an riga an biya 50,000, lissafi ne da ba ya shiga kai. A fahimtata dalilin ware Nozomi a bayyane yake. Layin Tokaido ne ke kawo wa kamfanin JR Central, mai layin, kaso mafi tsoka na kuɗin shigarsa, Nozomi kuma shi ne jirgin masu zuwa aiki da taro waɗanda ke biyan cikakken kuɗi. An karkata baƙi zuwa Hikari ne don a bar wa waɗancan kujerunsu. Ƙanen, wanda da kuɗinsa zai iya hawa duk wanda ya so, ya sayi na Hikari don su tafi tare.

Ta biyun ita ce akwati. Tun watan Mayu 2020, a Shinkansen na Tokaido da Sanyo da Kyushu, duk akwatin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa idan aka haɗa suka wuce santimita 160, sai mai shi ya kama kujera mai wurin ajiye manyan kaya, galibi jeren ƙarshe na tarago. Kamawar kyauta ce, amma wanda ya shigo da shi ba tare da ya kama ba zai biya yen 1,000, wanda ya wuce 250 kuwa ba ya shiga sam. Yawancin akwatunan da jiragen sama ke karɓa ba tare da ƙarin kuɗi ba suna tsayawa a 158, don haka mutane da yawa ba sa ma sanin dokar na nan. Nasu ɗaya ya wuce. Suka koma kanta aka sauya musu kujeru, jeren ƙarshe na jirgin da suka kama ya cika, suka jira na gaba.

Juma'a a Kyoto fas ɗin ya kusa kwana a jaka, domin birnin na bas ne da jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙafa. A ranar ne magidancin ya kawo wata dabara. Matarsa ta gaji, ta fara cewa ƙila ba za ta Hiroshima ba. To, me zai hana ƙanen ya karɓi katinta, tunda tun 2020 katin a na'urar ƙofa ake zura shi, ba kamar da ba da ake nuna wa ma'aikaci? Na'ura ai ba ta kallon fuska. Ƙanen ya ƙi. Fas na mutum ɗaya ne, an haɗa shi da fasfon mai shi, ana kuma buƙatar mai shi ya riƙe fasfonsa ya nuna duk lokacin da ma'aikaci ya nema. Wanda aka kama da na wani, a ƙwace katin, a ci shi tara mai ninkin kuɗin tafiya. Ga ɗalibin da zamansa a ƙasar ya rataya a kan tsabtar takardunsa, wannan garin neman gira ne a rasa ido. Da gari ya waye ma matar ta warware, ta ce da ita za a je.

Asabar ce ranar da fas ɗin ya nuna amfaninsa. Daga Kyoto suka sauya jirgi a Shin-Osaka, suka hau Shinkansen mai suna Sakura zuwa Hiroshima, tafiyar da kuɗinta ya haura yen 11,000 kaɗan. Daga can jirgin gari na JR ya kai su Miyajimaguchi, suka shiga jirgin fito zuwa tsibirin Miyajima, inda wata babbar jar ƙofar wurin bauta take tsaye a cikin ruwa. Jiragen fito na kamfani biyu ne a wurin, gefe da gefe, na JR kaɗai fas ya ƙunsa. Harajin baƙi na yen 100 da aka fara karɓa a Oktoba 2023 kuwa kowa da hannunsa yake biya.

A dawowa ne gabansu ya faɗi. Yarinyar ta zura katinta a na'ura, ƙofa ta buɗe, ta ruga bin babanta ba ta tsaya ta zare shi a ɗaya gefen ba. Sai a kan dandamali ta laluba aljihu.

"Abba, katina."

Fas ɗin da ya ɓata ko aka sace ba a sake bayar da wani, ko da mutum na da rasit da hoton katin a waya. Baffanta ya koma da gudu, ya tarar ma'aikacin ƙofa ya riga ya ajiye shi, ya miƙo bayan ya ga fasfon yarinyar. Da bai samu ba, asarar ba ta yi yawa ba tunda kwana ɗaya ya rage, kusan yen 19,000 na komawarta Tokyo. Amma a ce rana ta biyu ce, kuma katin babba ne. Daga nan uwar ta karɓe katunan uku ta haɗa a jakarta, tana raba su a bakin kowace ƙofa tana karɓa a ɗaya gefen.

Lahadi suka dawo Tokyo da Sakura da Hikari, suka fita ƙofar tasha da sauran awanni kafin sha biyun dare.

Idan aka tattara abin da babba ɗaya ya hau da fas ɗin, a farashin tikiti ɗai-ɗai na lokacin, ga yadda ya tashi. Narita Express 3,070. Sashen JR na hanyar Fuji, zuwa da dawowa, kusan 4,700. Tokyo zuwa Kyoto 13,850. Kyoto zuwa Hiroshima sama da 11,000. Hiroshima zuwa Tokyo kusan 19,000. Ƙananan hawa a cikin garuruwa da jirgin fito, a ce 2,000. Jimla wajen 54,000, a kan 50,000 da aka biya. Ribar manyan biyu ba ta wuce yen 8,000 ba, fiye da rabinta kuma ya riga ya tafi a takardar ƙanen. Wato babban da ya ratsa daga Tokyo zuwa Hiroshima ya dawo cikin mako guda, da ƙyar ya fita kuɗinsa. A tsohon farashi, wannan tafiyar da ta bar wa kowane babba rarar sama da 24,000.

Akwai wata hanyar da ba su duba ba. Kamfanin JR West na da fas na yanki, na Kansai da Hiroshima, kwana 5 a kan yen 17,000 a lokacin, wanda ya ƙunshi Nara da Miyajima, har da Nozomi tsakanin Shin-Osaka da Hiroshima. Da sun haɗa shi da tikitin Tokyo zuwa Kyoto da na dawowa, kuɗin zai tashi kusan daidai da abin da suka kashe, sai dai babu agogon Lahadi a kansu, Nara kuma ba ta fita ba. Shi ma yana da nasa tarkon, domin ɗan guntun Shinkansen da ke tsakanin Kyoto da Shin-Osaka na JR Central ne, ba ya ciki, sai a bi jirgin gari.

Ranakun Litinin da Talata da suka rage sun yi su a Tokyo da tikitin hannu. Ranar Laraba, hanyar komawa Narita, magidancin ya tsaya gaban na'ura ya sayi tikiti uku na Narita Express, yen 3,070 na kowane babba, ya juya zai danna rabin kuɗi na yarinyar, matarsa ta tuna masa cewa ta cika 12.